Sirdin keke na fata: shekara guda da 'yan watanni ina bisa shi

Ni dai malamar firamare ce, gidanmu na cikin garin Argungu, makarantar da nike koyarwa kuma tana wani ƙauye ta gefen fadama, kilomita 7 zuwa 7 dawowa. Da can kabu-kabu nike hawa. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da anka ce an cire tallafin mai kuɗin mashin ya riƙa hawa, yau ƙari gobe ƙari, har ya kai in na cire na zuwa da dawowa na wata guda abin da ke saura cikin albashi ko cefane bai isa. Maigida ne da kanshi ya kawo shawarar keke, ya ce ai kin iya tun kina ƙarama, hanyar kuma ba ta cikin kasuwa ba ce, ki sa hijabinki ki bi ta bayan gari. Haka munka sayi keken mata ɗan gwanjo, irin wanda bai da sandar tsakiya, mai kwando a gaba.

Keken lafiya lau. Sirdin ne ya so ya raba ni da shi, kuma shi ya sa nike wanga rubutu, don na san akwai mata da yawa da ke shan wagga wahala sun yi shiru saboda wurin da ke ciwon ba wurin da ake faɗi ba ne.

Sirdin da keken ya zo da shi na soso ne an lulluɓe shi da baƙar leda, in kin danna da yatsa sai ki ji laushi kamar katifa, ranar da munka saye shi har daɗi na ji na ce to wannan kam ba ya ba ni wahala. Minti goma na farko babu komai. Daga nan ne abin ke farawa. Soson shina nutsewa ƙarƙashin ƙashi, shi kuma tsakiyar sirdin sai ya taso ya tokare gaba, kafin in kai makaranta wurin ya mace ba ni jin shi, in na sauka sai na ɗan tsaya riƙe da keken kafin jini ya dawo, in ya dawo kuma da zafi shike dawowa. Ga zufa. Kowa ya san bazarar Argungu, watan Afrilu zafi na wuce digiri 40, leda kuma ba ta shan zufa ba ta barin iska, sai matsematsi ya jiƙe ya riƙa gogar gefen sirdin, fata ta saluɓe, ƙuraje su fito. Sau biyu maruru na fito mani a wurin da ko zama bisa tabarma sai da dabara. In na bar keken a rana lokacin tashi kuwa baƙar ledar nan sai ta yi kamar an ɗauko ta daga wuta, dole in shimfiɗa gyale bisa kafin in hau.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa zai yi, na ƙara soso. Na kai wurin mai ɗinkin kujerun mashin ya ƙara mani wani bisa na da, ya sake lulluɓewa. Ya fi na farko muni. Sirdin ya ƙara kumbura, cinyoyina na gogar shi sosai, matsin gaba ya ƙaru. Nan na fara tunanin ko dai jikin mace ne bai dace da keke ba, don haka wasu ke faɗi.

Baba ne ya warware mani. Na je gaishe su wata Juma'a ya ga yadda nike zama a karkace, Inna ta faɗa mashi a kaikaice, sai ya tashi ya fita ya dubi keken, ya danna sirdin da babban yatsa ya girgiza kai. Ya ce ɗiyata wannan ba sirdi ba ne matashin kai ne. Ya ce shi ya yi shekaru shina zuwa Birnin Kebbi bisa Rali daga nan, sirdin fata ne mai tauri kamar ƙwarya, bai taɓa ajiye tafiya don ciwon mazaunai ba. Na ce Baba ai ku maza ne. Ya ce ƙashi dai ƙashi ne, ki nemi wanda ya yi daidai da naki.

Tsofaffinmu sun san abin da suke faɗi a kan Rali. Kamfanin Raleigh na garin Nottingham ne a Ingila, har masana'anta sunka yi a Kano, sirdin fatar da ke zuwa bisa tsofaffin kekunansu kuma galibi na Brooks ne, don daga 1962 kamfanin Brooks ya koma hannun Raleigh ya daɗe nan kafin wani kamfanin Italiya mai suna Selle Royal ya saye shi a 2002. Shi wanda ya kafa Brooks ɗin, John Boultbee Brooks, baduku ne in da a nan ne, kayan doki shike ɗinkawa a Birmingham tun 1866. Ana ba da labarin dokinshi ne ya mutu ya ari keke, zaman ya gallabe shi, sai ya koma ga fatar da ya sani, a 1882 ya yi rajistar sirdinshi na farko. Ni abin ya burge ni don ko mu kalmar sirdi daga doki munka ɗauko ta munka aza ma keke. Har yau suna yin irin sirdin nan, akwai B17 da ya fi shekara 100 ana yin shi, akwai masu sifirin irin B66 da B67, na mata kuma suna ƙara mashi harafin S, ma'ana gajere. Sabon Brooks dai ba na aljihun malamar firamare ba ne, da kuɗin Ingila ake saye, in an juya zuwa naira ya fi kuɗin keken nawa gaba ɗaya nesa ba kusa ba.

Nawa ƙanena ya samo mani shi a babbar kasuwar Birnin Kebbi wurin masu kayan keke, an ciro shi daga wani keken gwanjo da firam ɗinshi ya karye. Babu suna a jikinshi, tambarin ya goge, ƙaramin allon da ke baya ma ya fita sai ramukan ƙusa. Launin ƙasa ne mai duhu, fata guda ɗaya mai kauri, kusan rabin santimita, an miƙe ta bisa ƙarfe an kafe da ƙusoshi ta baya da ta hanci, ga sifirin biyu a ƙasa. Faɗinshi santimita 21, tsawo 24. Naira dubu 18 ya biya bayan ciniki mai tsawo, kuma wallahi ranar da ya kawo shi na ƙwanƙwasa na ji ya yi ƙara kamar katako, raina ya ɓaci, na ce kai yanzu wannan ka kashe mani kuɗi a kai?

Kafin in wuce bari in ja kunne a kan abu guda, don ƙanen nawa ma saura kaɗan a yi mashi. A kasuwa in kin ce kina son na fata wani zai miƙo maki mai sheƙi ya ce ai leda ce mai kyau, ki ɗauka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Ki kife sirdin ki dubi cikinshi. In kin ga roba ko soso ko yadi manne a ƙasa, ki ajiye. Na gaskiya fatar da kike gani a sama ita ce dai a ƙasa, cikinta na da ɗan kaushi, ki shinshina ki ji warin jima. Babu komai tsakaninki da ƙarfe sai ita, a rataye take kamar gadon igiya, daga hanci zuwa baya.

To wannan ratayar ita ce sirrin abin, sai da na hau na gane. Mutum in ya zauna akwai ƙasusuwa biyu a ƙasan ƙugu da ke ɗaukar nauyinshi, ki zauna bisa tafin hannunki a benci za ki ji su. Allah ya yi su don zama. Abin da ke tsakaninsu da gabansu kuwa nama ne mai laushi da jijiyoyi da hanyoyin jini, ba a yi shi don ɗaukar kaya ba. Soso shina barin ƙasusuwan su nutse har nauyin ya koma kan naman. Fata mai tauri tana tare ƙasusuwan a sama, sai tsakiyar ta samu sarari. Mu mata kuma galibi ƙasusuwan nan namu sun fi na maza nisa da juna saboda yadda ƙugun mace yake, shi ya sa sirdin da ya yi ma maigida daidai ke sai ki ji kamar kin hau kan katanga, ƙashi ɗaya na wannan gefe ɗaya na wancan, katangar na tsakiya.

Akwai yadda ake aunawa kuma a ɗaki za ki yi abinki ba wanda ya gani. Ki samu kwali mai kauri irin na katan ɗin taliya, ki aza bisa benci ko dakali, ki zauna da tufa marar kauri, ki ɗan ɗaga ƙafafu bisa wani abu ki danna da ƙarfi. In kin tashi za ki ga gurbi biyu. Ki sa alama a tsakiyar kowane ki auna da tef ɗin tela. Nawa santimita 13 ya ba ni. Na koma na auna tsohon sirdin soson, wurin da ke a shimfiɗe a samanshi bai kai haka ba, sauran duk gangare ne, ashe duk watannin nan ƙasusuwana a gefen gangare suke zaune. A sirdin fata kuma sai an ƙara lura, don ta baya akwai ƙarfe mai lanƙwasa kamar kofaton doki inda ƙusoshin suke, in ƙashinki ya sauka bisa ƙarfen nan ko shekara goma za ki yi ba zai yi laushi ba. Dole gurbin biyu su faɗa cikin fatar da ke rataye, da saura a kowane gefe. Mai zama a miƙe irin namu na keken kwando ta fi buƙatar faɗi bisa ga masu tsere da ke duƙawa.

Yanzu ga gaskiyar kwanakin farko, ba zan ɓoye ba. Sati biyu na farko na sha wuya. Amma wuyar daban ce da ta da, kuma wannan bambanci nike so 'yan uwa mata su riƙe. Ciwon bisa ƙashin shike, kamar wadda ta wuni zaune a bencin asibiti, in na sauka na yi tafiya kaɗan sai ya lafa, da safe in ji tsami. Gaba kuwa tun ranar farko bai sake macewa ba. Ciwon ƙashi na sabo ne shina wucewa. Macewar gaba ko zafin fitsari bayan hawa ba na sabo ba ne, alama ce sirdin bai dace ba ko an ɗaura shi ba daidai ba, kuma haƙuri ba ya gyara shi.

Ɗaurin ma sai da munka yi ta fama. Bakaniken da ya fara ɗaura mani ya ɗaga hancin sama kamar yadda maza ke so, na hau ko layinmu ban fita ba na dawo. Ya sunkuyar da shi ƙasa, sai na riƙa zamewa gaba don fatar na da santsi, nauyina ya koma bisa hannuwa, wuyan hannu ya ɗauki ciwo. Daga ƙarshe na sayi sifana tawa na sa a kwando, in na yi tafiya in tsaya gindin wata bedi in sassauta noti in gyara kaɗan in ƙara gaba. Inda na tsaya shi ne hancin ya kwanta daidai, bayan ya ɗan fi shi tudu kaɗan. Gyaran da ko kaurin ƙwayar gero biyu bai kai ba sai ki ji ya canza zaman gaba ɗaya, don haka kar ki juya da yawa lokaci guda.

Sai tsawo. Mu mata muna son sirdi ƙasa-ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa muna zaune, tsoron faɗuwa a gaban mutane. Na gane wannan tsoro ƙwarai. Amma in ya yi ƙasa da yawa gwiwa ke biya, kuma duk nauyin jiki na tarewa bisa mazaunai tunda ƙafafu ba su ɗaukar nasu kaso. In kin aza diddige bisa feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe, to tsawon ya yi, in kin koma takawa da gaban ƙafa gwiwar za ta ɗan lanƙwashe kaɗan. In kuma kin ji ƙugunki na rangaji hagu da dama kina miƙo ƙafa, ya yi sama, shi ma shina kawo goga. Da keken da bai da sandar tsakiya in za ki tsaya sai ki zamo gaba ki dire, kwana biyu kin saba.

Wajen wata guda da rabi na lura da gurbi biyu sun fito a fatar, ba masu zurfi ba, kamar an danna babban yatsa a tuwon da ya huce. Na hagu ya ɗan fi na dama. Daga lokacin na daina tunanin sirdi in ina tafiya, sai dai tunanin yashi da shanun da ke tare hanya. Yanzu in kin danna shi da hannu har yau da taurinshi, amma ya ɗauki siffata. Ranar da ƙanwar maigida ta ari keken ta je Tudun Wada ta dawo ta ce Anti ya kike zama bisa wannan abu, na ce ai ba naki ba ne shi ya sa. Takalmin fata ma haka shike, ƙafar mai shi ya sani.

Abin da na fi yaba mashi shi ne zafi. Na yi bazara guda cur da shi, har da azumi, ban yi ƙurji ko ɗaya ba. Fata na shan zufa tana sakinta, ga ramuka uku a tsakiya da iska ke bi, kuma santsinta na sa tufa ta zame bisa ita maimakon ta cije ta goge jiki. In ya sha rana shina yin zafi shi ma, ba zan ce a'a ba, amma bai kai na baƙar leda ba kuma da kin hau ya huce. Na biyu gajeren hancin. Tsohon sirdin kullum in zan hau ko in sauka sai ya kama mani siket ko zani, sau ɗaya har na kusa kifewa gaban ɗalibai. Wannan da yake guntu ne tufa na wucewa salin alin. Dama an ce don masu siket anka fara gajarta na matan. Ni dai dogon wando na auduga nike sawa a ciki, marar ɗinki mai kauri a tsakiya, sannan siket mai faɗi, hijabin kuma iya gwiwa, in tattare bayanshi in zauna a kai. Don Allah masu dogon hijabi har ƙasa a kula, ba ruwan sirdi a nan, bakin hijabi in ya shiga waya ko sarƙa shaƙe wuya shike yi, ya faru ga mata bisa mashin ba sau ɗaya ba.

Sifirin ɗin kuma a hanyarmu ni'ima ne. Daga inda kwalta ta ƙare hanyar duk sawun amalanke ne da kofaton shanu da ya bushe tun damina, ga gargada. Sifirin na shanye bugun kafin ya iso ƙugu. Wadda ta haihu ta san yadda bayanta ke zama, ni haihuwa uku gare ni, da can in na dawo sai na kwanta kafin in iya ɗora tukunya.

Aibunshi fa? Akwai, kuma ba kaɗan ba.

Na farko ruwa. Fata da ruwa ba su shiri. Damina ta farko hadari ya taso muna aji, keken na waje, ruwa ya jiƙa shi sharkaf, ni kuma da rashin sani na hau haka na taho gida. Kafin in iso fatar ta saki ta lotsa, gefunan sunka buɗe kamar kunnen jaki suna gogar cinya. Na yi kuka ranar don na ɗauka ya tafi kenan. Na bar shi a inuwa kwana biyu ya bushe da kanshi, ban sa shi a rana ba ban kai shi kusa da murhu ba, Baba ya ce in anka yi haka fatar ƙandarewa take ta tsage. Sannan na kai shi wurin wani baduku dattijo a cikin gari. Ya juya shi ya juya, ya ce Malama wannan ƙirgin sa ne, jimar itace, irin tamu ce ta bagaruwa sai dai su da ɓawon wani icce suke yi. Ya huda ramuka huɗu huɗu a gefunan ya zare da tsinken fata ya ɗaure su ta ƙasa, sai ga sirdi ya tsuke ya dawo siffarshi. Ya nuna mani notin da ke ƙarƙashin hanci, ya ce wannan shi ke ja ma fatar tsawo in ta saki, amma ki juya kwata kawai ki bari, in kin cika ja ba ya komawa, kuma ranar da zaren notin ya ƙare sirdin ya ƙare. Tun daga nan leda biyu ke zaune ƙarƙashin sirdin a cuse, da na ga gari ya haɗe in rufe. Keken da bai da madigadi a baya ma kar a fara, don taya na watso ruwa da laka ta ƙasa inda fatar ba ta da kariya.

Na tambayi dattijon ko zai iya yi mani sabo gaba ɗaya da fatar nan gida. Ya ce fatar akuya, ko da jar akuyar Sakkwato ce da duniya ta san kyanta, ta yi sirara, ta jaka ce da takalmi da matashi, in anka miƙe ta bisa ƙarfe kwana kaɗan za ta saki. Sai ƙirgin sa mai kauri na gadon baya, a jiƙa a matse bisa wani abu mai siffar sirdin har ya bushe. Ya ce in na samo tsohon ƙarfe mai kyau zai gwada. Ina nan ina nema, don in abin ya yi, matan da ba su iya sayen na gwanjo sun samu hanya, ga ƙarafan tsofaffin sirdin Rali da Phoenix nan zube wurin masu faci fatarsu ta cinye.

Na biyu mai. Kowa ya ga sirdin sai ya ba ni shawara, wani ya ce jiƙa shi da baƙin mai, wani ya ce man gyaɗa, wata ta ce a tsoma shi cikin man shanu ya kwana zai yi laushi. Zai yi laushi kam, laushin da zai kashe shi, don taurin nan shi ne amfaninshi, in ya tafi kin koma gidan jiya kina zaune bisa ƙarfe. Su Brooks suna da nasu man da suke kira Proofide, haɗin kitse ne da kakin zuma da wasu mayuka, kuma ko shi kaɗan ake shafawa. Ni man kaɗe nike narkawa da ɗan kakin zuma, in lakata a yatsa in shafa sama-sama, in bari ya kwana in goge da tsumma. Sau uku ko huɗu a shekara ya isa, musamman farkon hunturu lokacin da iska ke busar da komai har leɓe na tsagewa, fata ma haka take yi in an ƙyale ta. Kuma in kin shafa kar ki bar keken a zaure ko kusa da buhun hatsi, ɓera ya ɗan gwaguyi gefen nawa dare ɗaya.

Na uku shina rina tufa. Watannin farko, balle in an yi zufa, launin na fita. Wani farin siket nawa har yau da tabo a baya, omo da bilic sun kasa. Ki sa mai duhu har sai ya daina. Sannan shina da nauyi, ya kusa kilo guda, sifirin ɗin kuma na yin ƙara ƙiiƙii in ƙura ta shiga, sai an ɗiga mai a mahaɗar ƙarfen, a kula kar ya taɓa fatar. Ga ido, sirdin ya fi keken kyau, har wani mai faci ya taya shi. Yanzu na sa ƙaramar tsohuwar sarƙa na ɗaure shi da firam.

Akwai kuma irin da ake tsaga tsakiyarshi a cire fatar wurin, doguwar tsaga, don gaba ya samu sarari sosai. Brooks na kiran nasu Imperial, kuma dabarar tsohuwa ce tun kafin 1900. Wata abokiyar aikina da ke jin matsi ko a nawa sirdin irin shi nike ganin zai fi mata, don jiki ba ɗaya ba ne, wata sai da tsaga wata kuma bakin tsagar ne ma ke cizonta. Wanda za a tsaga a nan gida sai an ɗaure gefunan da tsinke kamar yadda anka yi ma nawa, in ba haka ba lotsawa zai yi.

Wa zan ce ta saya? In tafiyarki daga gida zuwa Islamiyya ce ko kai niƙa, minti biyar ko goma, ki bar kuɗinki, na soso mai faɗi marar kumburi ya ishe ki. In keken na gida ne kowa na hawa, yaya ya hau ƙane ya hau, shi ma kar ki saya, fatar ba za ta san siffar wa za ta ɗauka ba kuma yara za su bar shi a ruwa. Amma malamai irina, da ma'aikatan asibitin ƙauye, da masu zagayen rigakafi, da 'yan mata da ke zuwa sakandare mai nisa, duk wadda ke yin rabin awa ko fiye bisa keke kullum, ni na ce ta nema, ta auna ƙashinta tukuna, ta tafi kasuwa da tef ɗinta ko ta ba wanda za ta aika awon a rubuce. In na gwanjo ne a duba fatar ba ta tsage wurin ƙusoshi ba, a duba notin hanci da sauran zare, a duba ƙarfen bai karkace ba, kuma gurbin mai shi na da bai yi zurfi ba, don in ya riga ya ɗauki siffar wani da wuya ya saki.

Mai jego kuma, balle wadda anka yi ma ɗinki, ta bari sai ta warke sarai ta tambayi ma'aikaciyar asibiti kafin ta koma hawa, kowane irin sirdi ne. Haka wadda ƙurji ko macewar wurin ya ƙi tafiya bayan an gyara sirdi, ta je a duba ta, akwai ma'aikata mata, ba abin kunya ba ne.

Iyaye maza da ke saya ma 'ya'yansu mata keke, ku ma da ku nike. Yarinya ba za ta taɓa buɗe baki ta ce maka Baba wuri kaza ke mani ciwo ba. Sai dai ka ga ta fara cewa keken ya lalace, ko ta riƙa tura shi da hannu, ko ta riƙa tuƙi a tsaye bisa feda. Akwai ɗalibata guda 'yar aji shida da na lura kullum a tsaye take tuƙi, keken yayanta ne mai siririn sirdi kamar wuƙa, ledar ta yage soson ya fita. Na kira uwar gefe na yi mata bayani, munka auna yarinyar da kwali a ofishin shugabar makaranta bayan an tashi, awon na nan rubuce a bayan rajistata, na ba ƙanena ya duba mata in ya shiga Birnin Kebbi ƙarshen wata.